Hawainiyar Jatau

A wani gari an yi malamai biyu, Malam Cindo da Malam Barmo, masu tattara bayanin namun daji a littafi. Suka sa Jatau mai zanen bango ya zana musu hawainiya. Jatau ba gwani ba ne, shi ma ya san haka. Ya dai shafa mata kore. Malam Cindo ya ce daidai ne, Malam Barmo ya rantse ƙasa-ƙasa ce. Gardama ta kai gaban Hakimi.

Hakimi ya ce, "Jatau, zano ta da launinta na gaskiya, wanda dukansu za su yarda da shi. In ka kasa, bulala, kuma ka bar mini gari."

Jatau ya fita. Washegari ya dawo da farar takarda fes.

"Ina hawainiyar?" in ji Hakimi.

"Ranka ya daɗe, ga ta nan a tsakiya. Malamai, in hawainiya ta hau ganye, yaya launinta?"

"Kore!" in ji Malam Cindo.

"In ta sauko ƙasa fa?"

"Ƙasa-ƙasa!" in ji Malam Barmo.

"To, in ta hau farar takarda?"

Can Malam Barmo ya ƙura wa takardar ido, ya ce, "Launi kam ya yi, sai dai wutsiyar ta cika tsawo."

Hakimi ya fashe da dariya, ya sallami Jatau.

Jatau ya durƙusa ya ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe. Tun da nake zane, yau ne kaɗai ba a ce akuya na zana ba."