Duwatsun da Keziya ta Jera

Akwai wani mutum da ya yi shekara talatin yana aiki a tashar jiragen ruwa a bakin teku. Da ƙarfi ya ƙare, sai ya tattara ya komo garinsu a arewa, shi da matarsa Keziya. Cikin kayan da suka zo da su akwai wani babban akwati na gilashi, irin wanda ake cika wa ruwan gishiri a sa kifin teku a ciki. Suka ajiye shi a falo, kusa da taga. Keziya ce ta naɗe hannun riga ta jera duwatsun teku a ƙasansa, ɗaya bisa ɗaya, ta bar kogo guda a tsakiya. A cikin kogon nan wani ɗan kifi ya zauna, ja wur kamar garwashi, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Masu sayarwa suna kiran irinsa ƙaramin kifin mala'ika, saboda kyansa.

Bayan shekara biyu Ubangiji ya kira Keziya gida. 'Ya'yansu suka zo, aka yi jana'iza, kowa ya koma inda yake aiki. Gidan ya yi shiru, ba ka jin kome sai ƙarar ɗan injin da ke motsa ruwa. Mutumin yakan tashi da safe, ya yi addu'a, ya dafa shayi kofi ɗaya, ya jawo kujera gaban gilashin ya zauna. Yakan share gansakuka, ya canja ruwa, ya auna gishiri, amma bai taɓa gusar da ko dutse ɗaya daga inda matarsa ta sa shi ba.

Wata rana yana kallon kifin yana kai da kawowa daga wannan bango zuwa wancan, sai ya ce a ransa, “Ni dai na san zaman kaɗaici. Don me wannan ɗan taliki zai ɗanɗana abin da nake ɗanɗana?” Ya shiga mota zuwa babban birni, wurin wata mace mai sayar da kifin ado, ya sayo wani irinsa, rawaya kamar ƙwaiduwar ƙwai. Ya kawo shi gida da murna, ya sake shi cikin ruwa.

Kafin rawayan ya kai ƙasa, jan ya fito daga kogonsa kamar kibiya. Ya kore shi daga duwatsu, ya kore shi daga wurin abinci, ya bi shi yana cizon wutsiyarsa. Baƙon ya tafi can sama, a kusurwa bayan injin, ya maƙale. Mutumin ya ce, “Za su saba.” Ya zuba abinci da yawa, amma baƙon bai sauko ba. A rana ta biyar ya iske shi kwance a kan yashi, launinsa ya dushe. Ya ɗauke shi a tafin hannu, ya binne shi a gindin lemo a bayan gida. Jan kuwa ya ci gaba da kai da kawowa, akwatin duka nasa ne, ba kowa a ciki sai shi.

Mutumin ya yi wata guda yana juya abin a zuciyarsa. Sa'an nan ya koma wurin matar nan mai sayar da kifi, ya faɗa mata dukan abin da ya faru, ya ce ta ba shi wani.

Matar ta ce, “Baba, ba zan ba ka ba, sai ka yi abin da zan faɗa maka. Kifin nan naka ba mugu ba ne, ya daɗe ne. Ya san kowane rami, kowane lungu, a ganinsa duka gādonsa ne. Ko goma ka zuba masa, haka zai yi musu. Ka fitar da shi ka sa a bokiti. Ka kwashe duwatsun duka, ka ƙara waɗansu, ka sāke jera su dabam, da koguna da yawa, da katanga a tsakiya don kada su riƙa ganin juna kowane lokaci. Sa'an nan ka sake su tare, a lokaci ɗaya, kowa baƙo.”

Mutumin ya ce, “'Yata, matata ce ta jera duwatsun nan.”

Matar ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Baba. To, sai ka bar shi shi kaɗai. Ba zai mutu ba. Amma ba zai taɓa samun abokin zama ba.”

Ya koma gida hannu wofi. Kwana uku yana zaune gaban gilashin, yana duban yadda Keziya ta jingina dutse mai faɗi a kan dogo, da ɗan ƙaramin da ta cusa a ƙasa don kada ginin ya zame. Ya tuna yadda ruwa ya jiƙe mata zane a ranar, tana dariya. A duk gidan ba sauran abin da yake nan daidai yadda hannunta ya bar shi, sai wannan.

A rana ta huɗu ya koma birni, ya sayo duwatsu da kifaye biyu, ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi. Ya kama jan ya sa a bokiti. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu cikin ruwa, ya ɗaga dutsen farko. Ruwan ya gurɓace har ba ya ganin yatsunsa, hawaye kuma suna zuba masa, bai share su ba. Ya fitar da su duka ya shimfiɗa a kan buhu. Sa'an nan ya sāke ginawa, da tsofaffin da sababbin a gauraye, kogo a dama, kogo a hagu, waɗansu a baya. Ginin bai kai na Keziya kyau ba, shi ma ya sani. Da ruwa ya kwanta, ya sake kifayen uku tare.

Jan ya ruga neman kogonsa, bai same shi ba. Ya zagaya, ya sāke zagayawa, kamar mutumin da ya komo unguwarsu ya tarar an rushe ta. Kafin ya zaɓi wuri, sauran biyun ma sun sami nasu. An yi 'yar kore-kore kwana biyu, amma duk wanda aka kora yana da inda zai shiga. Da mako ya zagayo, mutumin ya zuba abinci, ya ga su ukun sun fito suna ci a fili ɗaya, ja da rawaya da shuɗi. Ya daɗe yana kallonsu. Ya juya zai ce, “Keziya, zo ki gani,” sai ya tuna. Duk da haka ya yi godiya ga Allah.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Akwatin gilashin ikkilisiyarmu ce, gidajenmu ne kuma. Jan kifin mu ne, mu da muka daɗe. Ba mu ɗauki kanmu miyagu ba, mun dai san benci namu, da waƙoƙinmu, da wanda yake riƙe da makullin ɗakin kaya tun shekara ashirin. Rawayan da ya mutu shi ne baƙon da ya shigo sujada sau biyu, ya zauna a kusurwa ta baya, ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya matsa ya ba shi wuri, daga nan ba a ƙara ganinsa ba.

Duwatsun kuwa su ne tsare-tsaren da muka gāda. Ku lura, ba mugun hannu ne ya jera su ba. Iyayenmu ne cikin bangaskiya, mutanen da muke ƙauna, shi ya sa taɓa su yake da zafi. Amma sun jera su ne domin mai rai ya sami wurin zama. In muka tsare ginin muka rasa mutane, za mu ci nasara a kowace gardama, mu wayi gari majami'a duka tamu ce, ba kowa a ciki sai mu.

A gaban Ubangiji dukanmu baƙi ne, alherinsa ne ya shigo da mu, ba wanda ya zo da takardar fili. Saboda haka kowa ya tambayi kansa wane abu ne ya riƙe da ya hana ɗan'uwansa zama. Kada ka jira dattawa su yi taro a kai. Ran Lahadi mai zuwa, in ka shigo ka tarar da wanda ba ka sani ba a wurin da ka saba zama, kada ka tsaya a kansa kana gyaran murya. Ka zauna kusa da shi, ka tambayi sunansa.