Shaidun Waziri Gwadabe a Shari'ar Kabewa

To, sai ga Iya Tabawa durƙushe gaban Sarki, ta rungume kabewa kamar jaririya, dogarai na ja tana ja. Au, na manta ban gaya maka farkon zancen ba.

A zamanin da ne fa, a wani gari mai lambu ɗaya a bakin fadama, kowane gida da ɗan fegensa. Satar kabewa ta ishe su. Ka yi ta ban ruwa, ranar da ta ƙosa ka zo ka tarar da ganye kawai. Shi ne Waziri Gwadabe ya ce a kira wanzamai, kowace kabewa tun tana ƙarama a yi mata tsagar gidan masu ita, irin wadda ke kumatunsu. Mutane suka yi ta dariya, wai saura a yi wa kabewa suna. Amma wallahi abin ya yi, don tana girma tsagar na girma da ita. Sarki kuma ya kafa doka: duk wanda aka kama da kabewar da ba ta da tsagar gidansu, a ƙwace fegensa a ba mai kabewar.

Yanzu ka gane. Iya Tabawa tsaga biyu ce a fuskarta, kabewar hannunta kuwa uku. Uku kuma ta gidan Ɗangoje ce, Sarkin Lambu, wanda fegensa ke manne da nata. Nata ne kusa da rijiya, kuma da shi take ci.

Ɗangoje ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin Sarki, ni ba don kabewa ba, don doka. A ƙirga kawai."

Iya ta ce, "Ɗangoje, ni na goya uwarka ranar da aka yaye ta, yau ni ce ɓarauniya? Ranka ya daɗe, jiya da tsaga biyu na bar ta."

 Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Ina shaidu?"

Waziri ya ce, "Allah ya taimake ka, suna hanya. Sai dai ba sa shiga zaure. A ajiye kabewar a tsakar fada, cikin rana, kowa ya matsa."

Aka ajiye. Aka zauna ana kallon kabewa, manyan mutane da rawuna fa! Ɗangoje har yana murmushi. Can sai ƙuda ɗaya ya sauka. Sai na biyu. Kafin ka ce me, sun yi layi baƙi ƙirin, kuma dukkansu kan tsaga ɗaya tak. Sauran biyun ko kallo ba su ishe su ba.

Waziri ya ce, "Ga shaiduna. Biyun nan sun warke tun kabewar tana kamar ƙwai, sun bushe sun yi tauri. Ta ukun kuwa har yanzu danƙo take fitarwa. Sarkin Lambu, wane wanzami ne ya yi maka aikin safe?"

 Sai Ɗangoje ya shiga korar ƙuda da hannun riga, alhali ba wanda ya sauka a kansa.

Sarki ya ce a tuɓe shi daga sarautar lambu, fegensa kuma a haɗa wa Iya, kamar yadda ya so a yi mata.

Iya ta ce, "Ranka ya daɗe, nawa ma da ƙyar nake kai masa ruwa. A bar masa abinsa don yaransa. Amma shi zai riƙa ja mini guga har kaka."

Sarki ya yi dariya ya ce an yi. Daga ranar ba a sake taɓa kabewar kowa ba. Iya ta ɗauki abarta ta tafi, ta yi miyar taushe, har ta aika wa gidan Ɗangoje kwano guda.

Ni dai da ni ne, fegen nan sai na karɓa. Kai fa, za ka bar masa?