Tunau Masheƙin Magana da Rumbunan Sarki Ƙosau

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa natsuwa da kaifin fahimta, bayan gaisuwa irin ta girma da fatan alheri, ina roƙon ka ara mini hankalinka na ɗan lokaci. Ka sani ni ban saba ɓata tawada a kan abin da ba shi da nauyi ba. Wannan tatsuniya na sha ba jikokina ita a tsakar gida, amma ba su taɓa barina na kai aya ba saboda yawan tambaya, don haka na ga ya dace in ajiye ta a takarda, inda ba mai katse ni. Idan ka ga al'amarin ya cakuɗe, kada ka zargi alƙalamina. Su kansu waɗanda abin ya faru a kansu ba su gane kansa ba.

To, ga ta nan, ga ta nanku, ta sauko da kayanta.

Ta zo mu ji ta, mun shimfiɗa mata tabarma.

A wani birni da ake kira Kukar Zomo an yi wani sarki, sunansa Ƙosau. Maganarsa ita ce doka, ba majalisa, ba mashawarci. Shekara uku fara tana cinye gonaki, shi kuwa yana ƙara rumbuna. Masu sarauta ba a taɓa hatsinsu, sai na talaka. Da na ci ya ƙare, sai ya aika aka kwashe har irin shuka, aka zuba a rumbunan fada, aka liƙe.

A fadar nan akwai wata al'ada. Ba a shigar wa sarki da magana da ƙaiƙayinta, sai an sheƙe ta kamar hatsi, a zubar da ɗacin, a kai masa daɗin. Mai wannan aiki wani dattijo ne, Tunau, shekara talatin yana yi. Wanda ya riƙe aikin kafin shi ya taɓa faɗin gaskiya ɗanya sau ɗaya, ba a sake ganinsa ba.

Ana nan, sai ruwan shuka ya sauka. Kowa ya san in aka kwana uku ba a shuka ba, ƙasa ta bushe, shekara ta tafi. Sai manoma suka taru a ƙofar fada, a gabansu Tabawa, yayar Tunau, mace mai baki kamar reza.

Ta ce, “Kai autan Inna, shiga ka gaya masa yunwa muke ji, ƙasa ta jiƙa, irinmu yana rumbunsa.”

Ya ce, “Yaya, a hankali, bango yana da kunne.”

Ta ce, “To ai gara bangon, tunda mai gidan ba shi da shi.”

Sai Tunau ya shiga, ya faɗi, ya ce, “Ranka ya daɗe, talakawa sun zo barka da ruwa. Sun ce albarkacinka ƙasa ta yi laushi.”

Sarki ya ji daɗi, ya ce, “A fitar musu da makaɗa.”

Sai makaɗa suka fito suna ta kiɗa. Manoma suka dubi juna. Wani ya ce, “Ko irin yana cikin gangar ne?” Wasu ma suka ɗan taka rawa, don ba su san abin da ya kamata ba.

Kashegari sai suka dawo, kowa da ƙwaryarsa wayam, suka kife su a ƙofar fada. Tabawa ta ce, “Tunda baki bai isa ba, ɗauki ɗaya ka nuna masa. Ƙwarya dai ba ta sheƙuwa.”

Sai Tunau ya ɗauka ya shiga. Ya ce, “Ranka ya daɗe, talakawa sun kawo gudummawar ƙorai.”

Sarki ya juya ƙwaryar, ya ce, “Kai, mutanena akwai kara! Daga yau ya zama doka, kowane gida ƙwarya ɗaya duk shekara.”

Sai Tunau ya fito ya faɗi sabuwar dokar. Tabawa ta ce, “Nonon da na sha shi ka sha kuwa? Mun zo neman iri, ka raba mu da ƙoran shan kunu!”

Rana ta uku, saman ƙasa ya fara fari. Sai gari duk ya ɗungumo, manoma da maƙera da marina da mata masu goyo, kowa da sungumi ko gatari ko taɓarya. Tunau ya leƙa, ya ga ba iyakarsu. Ya ce a ransa, yau kam zan faɗa ɗanya, kome ta fanjama fanjam. Ya shiga, ya faɗi, ya buɗe baki. Ashe harshen da ya shekara talatin yana lanƙwasa ba ya miƙewa rana ɗaya.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, talakawa sun zo da kayan aiki, kuma hankalinsu duk yana kan rumbunanka.”

Sarki ya ce, “Gayya suka kawo mini? Madalla, dama rumbunan suna son yaɓe. A buɗe musu ƙofa!”

Sai dogarai suka buɗe ƙofa. Jama'a suka tsaya sororo, don sun zo da shirin ɓalle ta. Wani maƙeri ya ce, “To yanzu me za mu fasa?” Sai kowa ya tuɓe takalmansa, don ba a shiga fada da takalmi, suka jera su a gefe, sannan suka ruga ciki da ihu. Dogarai suka ɗaga kulake, suka tuna baƙin sarki ne, suka sauke. Ɗaya ma ya nuna musu hanya.

Suka fasa rumbu na farko, gara ta mai da hatsin ƙasa. Suka fasa na biyu, haka. Suka fasa na uku, sai ga gero fes, amma bai fi na shuka ba.

Sai Sarki ya fito jin hayaniya. Rabin taron suka zube suna “Ranka ya daɗe,” rabin suna “A kama shi!” Wani tsoho yana yin duka biyun.

Tabawa ta tsaya a gabansa, ta ce, “Ƙosau, ka kashe mu da yunwa, ka ciyar da gara!”

Sarki bai taɓa jin magana haka ba, sai bai fahimta ba. Ya juya ya ce, “Tunau, sheƙe mini.”

Tunau ya dubi Sarki, ya dubi yayarsa, ya dubi rana ta kusa tsaka. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba abin sheƙewa. Duk tsaba ce. Sun ce ba kai ne sarki ba.”

Sarki ya ce, “To wane ne?”

Nan fa ba wanda ya sani. Wasu suka ce a naɗa Tabawa. Ta ce, “Rawanin zan daka in dama muku?” Wasu suka ce a zauna ba sarki. Wani ya ce, “To wa za mu riƙa zagi?” Gardama ta kaure, ƙasa kuwa tana ta bushewa.

Sai Tabawa ta buga taɓarya, ta ce, “Auta, kai ka san bakinsa, ka san namu. Yanke masa hukunci mu tafi gona.”

Sarki ya ce, “Ni ban taɓa jin ana yunwa ba.”

Tunau ya ce, “Gaskiya ne, ni na hana ka ji, kuma zan ɗauki nawa. Amma kai ka sa wuƙa a wuyan mai faɗa maka gaskiya. Irin nan kuwa ba kunne ya shigo da shi ba, a kan idonka aka zuba.”

Sai ya yanke hukunci, aka raba iri, kowa ya ruga neman takalmansa.

Ƙurunƙus kan kusu, ya tsere da wutsiyarsa. Darasin, ya mai karatu, shi ne wanda ya hana a gaya masa ɗaci da baki, za a zo a gaya masa da gatari. Ko Kukar Zomo ta sake naɗa sarki, wannan ban sani ba, su ma ranar ba su sani ba. Abin da ya tabbata shi ne tarar da Tunau ya ci Ƙosau: ya ajiye rawani, ya bi bayan masu sara, yana zuba iri yana rufewa da diddigensa, gona bayan gona, har ta ƙarshe a garin, kuma kowane mai gona ya gaya masa abin da ke ransa yadda yake, shi kuwa Tunau ya tsaya a gefe, bakinsa a rufe.