Yajin Lemun Tsamin Hapsatu

Akwai wata mata a Birnin Kudu, sunanta Hapsatu, wadda Allah ya hore wa hannun yaji. Nata ba irin na kowa ba ne. Koren bawon lemun tsami take kankarewa sama-sama, ta shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, sannan ta daka da masoro da gishiri da 'yar tafarnuwa. In aka barbaɗa a kifi ko kaza, sai maƙwabta sun leƙo.

Sai dai Hapsatu akwai baƙin ciki. Ba abin da take ji da shi a duniya irin a ce "yajin Hapsatu", kuma ta ƙi jinin ta ji an yabi hannun wata.

Ana nan sai wata bazawara, Khuzaima, ta tare a gidan da ke jikin nata. Daga Sundimina ta zo da marayu uku. Wata rana ta shigo ta durƙusa.

"Yaya, don Allah ki koya min yajin nan, ko na samu na sabulun yara."

Hapsatu ta yi murmushi, a ranta kuwa ta ce, ji min mata, daga zuwa sai ƙwace sana'a.

"Ai abu ne mai sauƙi," in ji ta. "Ki goge bawon duka har da farin nan na ciki, a nan daɗin yake. Kada ki bari ya bushe sosai, ƙamshin guduwa yake. Da ɗan danshinsa za ki daka, ki danna a bokiti ki rufe ruf."

Ƙarya ce tsagwaronta. Farin nan shi ke kawo ɗaci, danshi kuma fumfuna yake jawowa.

Baiwar Allah ta sayar da akuyarta guda ɗaya tilo, ta sayo kaya. Da ta daka ta ɗanɗana, sai ta rugo.

"Yaya, ɗaci nake ji."

"Haka yake farawa. Rufe shi ki manta, ɗacin zai kwanta. Ko kin ji warinsa ya sauya, nuna yake yi."

Tana fita Hapsatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ko tausayin marayun nan bai ɗarsu a ranta ba.

Ba a jima ba 'yarta Lailatu ta haihu a ɗakin mijinta a Maruta, can ƙasar Gwaram. Hapsatu ta ce bana dangin miji za su san wace ce uwar Lailatu. Ta haɗa yajin jego babban baho guda, matan unguwa suka taru a tsakar gida suna ƙullawa a leda. Kamar yadda aka saba, mai ɗan abin gudummawa takan juye nata a bahon a gauraya.

Hapsatu ta shiga ɗaki wajen baƙi. A daidai lokacin Khuzaima ta shigo da bokitinta, wanda shi ne duk jarinta. Ta ce wadda ta koya mata sana'a ba ta cancanci rabi ba. Ta juye shi duka, mata suka gauraya suna shi mata albarka.

Ranar suna aka raba wa kowa a Maruta, ana cewa yajin Hapsatu ne. Mai jego kuwa da shi aka yi ta zuba mata a farfesu, tana cijewa tana sha don kada ta kunyata uwarta.

Sai ga waya daga Hajiya Barira, uwar mijin Lailatu.

"Hapsatu, me muka yi miki? Yaji ɗaci kamar maɗaci, ga warin fumfuna. Duk wadda aka ba ta zubar a bola. 'Yarki na kwance a asibiti, amai da gudawa, jaririya na ta tsala kuka babu nono. In ba kya son auren ne, ai sai ki faɗa."

Hapsatu ta bi matan da suka yi ƙullin da tambaya. Da mata suka gaya mata wadda ta ƙara a baho, ta faɗa gidan Khuzaima ko mayafi babu, tana zage-zage, unguwa ta cika.

"Muguwa! Me kika zuba min?"

Khuzaima ta fashe da kuka.

"Wallahi Yaya yadda kika koya min na yi. Har da farin, da danshinsa, na rufe ruf. Ban rage komai ba."

Matan nan duk sun sha ganin Hapsatu tana zubar da farin bawo, tana shanya nata har ya yi ƙaras. Suka juyo suna kallonta.

Lailatu ta tashi da kyar. Da labari ya kai mata, abu ɗaya ta aiko a gaya wa uwarta: kada a sake kawo mata komai daga hannunta.

Darasi: Muguntar da ka koya wa wani da murmushi, ba ka san bakin da za ta faɗa ba, wataƙila na ɗanka ne. In za ka koyar, koyar da gaskiya, in ba za ka iya ba ka ce a'a. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai gyara zuciyarsa.