Yaron da Aka Ba Aikin Suma

Jama'ar wannan shafi, ku yi mini uzuri. Labarin nan ya daɗe a kaina har gefensa ya fara zarewa kamar tsohuwar tabarma. Shekarar ta ɓace mini, sunan wasan ma haka. Amma tsakiyarsa tana nan daram, ita zan shimfiɗa muku.

Akwai wani tela da ya tara matasan unguwarsu, maza da mata, yana koya musu wasan kwaikwayo. Ba wanda ya sa shi, ba mai biyansa. Duk ranar da babu makaranta sai ya rufe keken ɗinki, ya fitar da benci filin bayan shagonsa. Yaran suna ce masa Kawu. Wata ma'aikaciyar jinya da suke kira Anti ita ke taya shi da kwalliya da rabon faɗa. Kayan wasa kuwa da ragowar ƙyallaye yake haɗa su, shi ya sa alƙalinsu ya taɓa fitowa da hannun riga ɗaya ja, ɗaya kore. Amma kun ga na fara yawo.

A cikin yaran akwai wanda ake kira Mazari, don jikinsa ba ya tsayawa. In ba ƙafa ke rawa ba, to yatsu ke kiɗa a kan benci. Yana da murya, ya iya ban dariya, kuma ya san ya iya.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne. Wata rana ya leƙo shagon Kawu, ya ce, "Tela, yaron nan ko murfin agogo ban yarda ya taɓa ba, ku kuma kuna ƙara masa tsalle-tsalle. Zan zo wasanku na gaba. In tsallen ne dai na gani, to ya gama da ku."

Kawu ya san a duk inda Mazari ya shiga tsawa ake yi masa, a filin nan kaɗai ake yaba masa.

Wasan da suke shiryawa na wani mutum ne da ya suma a bakin titi. Jama'a suka taru a kansa, kowa yana faɗin abin da ya kamata a yi, wani ma ya sulale da takalminsa, amma ba wanda ya kawo ruwa.

Ranar rabon aiki Kawu ya ce, "Mazari, kai ne wanda ya suma."

"Sannan me?"

"Sannan ka ci gaba da suma."

Yara suka fashe da dariya. Mazari ya miƙe. "Haba Kawu! Ni da na haddace maganar kowa? A ba Buhu mana, shi ko a tsaye barci yake."

Buhu, wani ƙaton yaro mai sanyin hali, ya ce, "Ni ɗan sanda ne. Ka iya bakinka ko in kama ka."

Anti ta ja Kawu gefe. "Anya kuwa? Uba zai zo ganin ɗansa, ka baza masa shi a ƙasa kamar shanya?"

"Tsallensa kowa ya gani," in ji Kawu. "Zamansa ne ba a taɓa gani ba."

Gwaji ya yi wuya. Mai suma ya yi susa, mai suma ya yi dariya, mai suma ya buɗe ido ɗaya ya gyara wa wani maganarsa. Ya yi fushi ya daina zuwa, Kawu ya bi shi har gida ya lallaso shi. Sannu a hankali dai jikin ya koyi kwanciya.

Ranar wasa aka aro zauren wata makaranta, ya cika maƙil. Mai gyaran agogo yana sahun gaba, ya harɗe hannu.

Abu biyu ne Kawu bai lissafa ba. Dandamalin bai kai filin bayan shago faɗi ba. Sannan duk gwajin da aka yi da silifas aka yi shi, sai a safiyar nan Buhu ya aro takalmin yayansa mai aikin gini, mai nauyi kamar turmi.

Ɗan sanda ya shigo da taku, ya ja ya tsaya, ya fara doguwar maganarsa. Daga bayan labule Kawu ya hango diddigen takalmin nan a kan ɗan yatsan hannun Mazari.

Ya ɗaga wa Buhu hannu yana masa alamar ya matsa, ya matsa! Buhu ya zaci yaba masa ake yi, sai ya ƙara murya, ya ƙara gyara tsayuwa.

Kawu ya ce a ransa wasa bai kai yatsa ba, ya ɗaga ƙafa zai fita. Sai ya ga ɗaya hannun Mazari, wanda jama'a ba sa gani, ya kaɗa masa yatsa sau ɗaya: kar ka zo. Ban da wannan, ko gashin idonsa bai motsa ba. Gumi ne kawai ke bin kunnensa.

Buhu ya gama, ya matsa. Wata yarinya ta shigo da kofi, ta yayyafa wa mai suma ruwa. Mazari ya tashi zaune, ya dubi jama'a, ya dubi ƙafarsa, ya faɗi maganarsa guda ɗaya tak ta duk wasan:

"Ina takalmina?"

Zaure ya kaure da dariya da tafi.

A bayan labule Anti tana ɗaure yatsan tana faɗa. Buhu kamar zai yi kuka. "Me ya hana ka yin ihu?"

"Ranka ya daɗe ɗan sanda, ka taɓa jin wanda ya suma ya yi ihu?"

Sai ga mai gyaran agogo.

Mutumin ya kama hannun ɗansa ya duba. "Sana'ata ganin ƙananan abubuwa ce. Na ga inda diddigen nan ya sauka." Ya yi gyaran murya. "In ya warke, ka zo shago. Akwai agogon da zan ba ka ka buɗe."

"Wasan fa, Baba?"

"Wa ya ce ka bari? Sai dai Tela, don Allah, a na gaba a bar shi ya tashi tsaye."

Na daɗe ina ba da labarin nan da cewa hannun dama ne. Da agogona ya tsaya na kai shagon, na tarar da Mazari a kujerar mahaifinsa. Na sa ido yana aiki, hannun ko rawa babu. Ashe na hagu aka taka, kuma farcen har yau a karkace yake fitowa.

Darasi: Kada ka raina aikin da aka ba ka don ba a jin muryarka a cikinsa, wanda ya riƙe ƙaramin matsayi da haƙuri, shi ake danƙa wa babba. Ku kuma masu tarbiyyar yara, ku ba yaro damar nuna abin da ake cewa ba zai iya ba. Ku tura wa iyaye da malamai, wataƙila akwai Mazari a gidansu.