Rikodar Malam Abdulwahabu

Akwai wani farfesan tarihi mai suna Abdulwahabu, mutumin Makarfi. Ranar da rediyo ta faɗi rasuwarsa, wata mata mai suna Luba, a wani ƙauye kusa da Likoro, ta ajiye tankaɗen da take yi ta zauna.

Ranar da ta fara ganinsa ce ta dawo mata.

A lokacin, shekara uku ke nan da samun mulkin kan ƙasa. Ya zo a kan keke, matashin malamin jami'a daga Zariya, yatsunsa duk tawada, da rikoda, akwatin ɗaukar murya, ɗaure a baya. Yana neman kakanta Mailafiya, tsohon maƙeri, wanda ya haddace sunayen kakannin gidansu goma sha biyu da garuruwan da suka ratso.

Tsoho ya ƙi a ɗauki muryarsa. Luba ce ta lallashe shi, don ita ta koya wa kanta karatu da tsofaffin jaridu, tana kuma son duk abin da ake adanawa. Wataƙila kuma yadda baƙon ya cire takalmi tun daga zaure ne ya kwanta mata.

Mailafiya ya kawo suna bakwai, ya gaji. Ya ce, “Ka dawo ran kasuwar Kudan, in ƙarasa maka.”

Bayan kwana uku ya faɗi a bakin maƙera. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

Nan da nan gari ya ɗauka: akwatin baƙo ya haɗiye muryar tsoho. Mata suka daina amsa gaisuwar Luba a rijiya. Baffanta Tanko ya nuna ta da yatsa.

“Ke kika kawo mana wannan. Bari ya dawo. Daga shi har akwatin, sai an kwashe su a buhu.”

Luba ta yagi gefen jarida ta rubuta, “Malam, don Allah kada ka zo,” ta ba direban motar Zariya.

Ran kasuwa da hantsi, sai ga ƙarar kekensa.

Kafin ya jingine shi, maza sun kewaye shi da sanduna. Tanko na riƙe da gudumar maƙera. Luba tana leƙe ta bayan zana a tsorace. Ta ga goshin Malam na zufa. Ashe shi ma tsoron yake ji.

Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida Tanko cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi mai jiki. Sannan ya ajiye rikodar a gabansa.

“Malam Tanko, aikina na shekara guda yana cikin nan. In fasa ta zai kwantar muku da hankali, ga ta. Alfarma ɗaya nake roƙo, ku bar Baba ya ji tukuna.”

Wani ya ce, “Kada a yarda! Sauran numfashin zai zuƙe!”

Amma daga kan tabarma a zaure, tsoho ya buga ƙasa da hannunsa mai lafiya. Aka shigar da rikodar.

Malam ya murɗa makunninta. Muryar Mailafiya ta cika zauren, har da tarinsa. Wasu suka ja da baya suna salati. Suna na ɗaya, na biyu, har na bakwai. Sai shiru.

Tanko ya ɗaga guduma. “Kun gani? Ta cinye sauran biyar!”

Luba ba ta san lokacin da ta fito ba. Mace ba ta magana a wannan zaure. Amma tun tana ƙarama take jin sunayen nan tana kai wa kakanta fura.

“Baffa, ba ta ci ba. A nan Kaka ya tsaya. Na takwas Ya'u ne, wanda ya taso daga Ikara.”

Tsoho ya gyaɗa kai. Ta faɗi na tara, ya gyaɗa. Da ta kai na sha biyu, hawaye na bin gemunsa. Gudumar ta sauka a hankali. A ranar Malam ya nemo mota, shi da Tanko suka kai tsoho asibiti, inda likita ya ce hawan jini ne.

Da Malam zai tafi, ya miƙa mata littafin rubutu.

“Malama Luba, faifai yana lalacewa. Ki yi mini alkawari za ki rubuta.”

Ta sunkuyar da kai. Wace ce ita da za ta rubuta abin da masu jami'a za su karanta? Ta karɓi littafin, amma ba ta yi alkawarin ba.

Mailafiya ya rasu bai ƙara magana ba. Luba ta yi aure. Malam ya zama farfesa, amma duk babbar Sallah sai direba ya kawo mata sabon littafi. Bai taɓa yi mata gori ba. Littafi ashirin da ɗaya, babu ko baƙi ɗaya a ciki.

Yanzu ga rediyo ta faɗi rasuwarsa. Tanko ma ya riga shi. Sai tsoro ya sake kama ta, irin na ranar gudumar: sunaye biyar ɗin nan, a kanta kaɗai suka rage.

Ta buɗe akwati, ta ɗauko littafin farko. Takardarsa ta yi ja. Ta ari fensirin ɗiyarta Azumi, ta zauna a bakin ƙofa.

“Malam,” ta ce a fili, “yau na yi maka alkawari. Ba zan tashi daga nan ba sai na kai na sha biyu.”

Darasi: Tawali'u da haƙuri suna sauke gudumar da faɗa ba zai sauke ba. Kuma abin da ka ji daga bakin tsofaffinka amana ne, kada tsoro ya sa ka jinkirta adana shi. Ku tura wa duk wanda kakansa ke raye, ya je ya zauna kusa da shi yau.