Ciyawar Inna da Bulon Injiniya

Akwai wani tsohon direban babbar mota da kowa a layinsu ke kira Baba Direba. Shekara talatin da biyu ya yi a kan hanya, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya ajiye makulli ya dawo gida. Wasu in sun bar aiki kiwon kaji suke yi, wasu su buɗe shago. Shi kuwa sai ya duƙufa shuka ciyawa.

Ciyawa fa, jama'a. Wadda ni da ku muke tsaki muna tugewa.

Amma ba kowace ciyawa ba. Tun yana tuƙi, in ya hango wata mai kyau a gefen hanya, sai ya faka ya ɗauko ƙaramin shebur daga bayan kujera. Kafin ya ɗauka sai ya tona ya duba saiwa. In a dunƙule take wuri ɗaya, ya jefa a buhu. In mai rarrafe ce a ƙarƙashin ƙasa, komai kyanta zai bar ta a can, don ya ce irin wannan in ka ba ta bakin ƙofa za ta bi ka har ɗakin kwana.

A haka tsakar gidansa ta cika. Dogayen suna jikin katanga, gajerun suna gaba, in iska ta kaɗa sai su kwanta su tashi tare. Ƙarshen rani ya aske su da lauje, ya bar tsawon tafin hannu. Ruwan farko na sauka su sake tohowa. Duk bayan shekara uku kuma sai ya tone gindin ya raba, saboda tsakiyarsa kan mutu in an ƙyale shi. Abin da ya raba, maƙwabta yake bai wa. Tela ya samu, malamar makaranta ta samu, mai gyaran babur ma ya dasa a tsohuwar taya.

Guda ɗaya ce ba ya bai wa kowa. Tana tsakiyar gidan, da jan gashi mai laushi kamar wutsiyar kyanwa. Ita ce ciyawar Inna.

Inna ita ce matarsa, ta rasu shekara takwas da suka wuce. Sau ɗaya tak a rayuwarta ta shiga motarsa suka yi doguwar tafiya. A hanyar dawowa ta ce, "Malam, tsaya." Ta sauka ta tono ciyawar da murfin kwano, ta riƙe ta a cinya cikin leda har gida. Tun da ta rasu, kusa da ciyawar nan Baba ke shan shayinsa kowace safiya.

Mutum ɗaya ce ta san wannan labari, wato surukarsa, matar babban ɗansa. Ita ma don ta tambaya ne, ranar da ta tarar da shi yana raba gindin ciyawar ta tsaya taya shi. Ya mayar da masu rai cikin ƙasa, ya watsar da busassun. Ta so ta roƙe shi ko ɗan guntu, kunya ta hana ta. Ta dai share wurin, ta kwashe sharar ta fita da ita.

Shi kuwa babban ɗan, wanda ake kira Injiniya, ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya: duk abin da ba daga shago ya fito ba, shara ne a wurinsa. A bene hawa na uku yake zaune, inda gwiwoyin Baba ba su taɓa kai shi ba.

"Baba, wai nan gida ne ko daji?" ya ce wata rana. "Abokaina in sun zo gaishe ka kunya nake ji. Ga macizai."

"Shekara nawa ina nan maciji bai taɓa leƙo ni ba," Baba ya ce. "Abokan naka ma sau nawa suka leƙo?"

"In shuka kake so, da za ka ga ta barandata. Cikin tukunya mai fenti, kowa ya zo sai ya ɗauki hoto. Wannan ita ce shukar wayayyu."

"To ka riƙe taka, ka bar mini tawa."

Sai yanar ido ta matsa wa Baba, aka yi masa aiki. Mako biyu ya yi yana jinya a gidan 'yarsa. Lokacin ƙarshen rani ne, ya riga ya aske ciyayinsa, tsakar gidan duk kututturai busassu. Injiniya ya shigo ya duba, ya ce ai ma sun mutu. Ya kira leburori suka tone komai har saiwa, tifa ta kwashe. Aka zuba yashi, aka shimfiɗa bulon intalok ja da fari daga ƙofa har bakin ɗaki.

A ransa kyauta ya yi wa mahaifinsa. Har jira yake a gode masa.

Ranar da Baba ya dawo, idonsa tar yake gani, abin da ya shekara biyar bai samu ba. Kuma abin da ya fara gani da sabon idon shi ne bulo. Ya tsaya a tsakiyar gidan, daidai inda ciyawar Inna take a da.

"Ina aka kai su?"

"Bola, Baba. Ai sun bushe."

"Barci suke yi. Kai da ka yi karatu ba ka san bambancin mai barci da gawa ba?"

"Haba Baba, ciyawa ce fa."

"Gidan nan da tayoyin mota na gina shi, kana cikin zanin goyo. Ba ka tambaye ni ba. To ni ma ba zan tambaye ka ba."

Likita ya hana shi sunkuyo na wata guda, don haka washegari ya jawo 'yar kujera ya zauna. Ya ɗauko tsohon ƙarfensa na cire taya, ya zura a tsakanin bulo biyu, ya ɓanɓaro ɗaya. Ya ɓanɓaro biyar, ya jera su a ƙofar gida, ya koma ya sha shayinsa. Kashegari wasu biyar. Kullum biyar, ba ƙari ba ragi.

Injiniya ya kira waya, Baba bai ɗaga ba. Ya aiko ƙanwarsa ta ba shi haƙuri, ta tarar da shi yana kwashe yashi yana zuba taki.

"Baba, mutane fa za su ce ka taɓu."

"Su faɗa. Da ma tun ina shuka ciyawa suke faɗa."

Da tarin bulon ya yi tsawo a ƙofar gida, layin duka ya gane abin da ya faru. Tela ne ya fara shigowa da bokiti. "Baba, ga wadda ka ba ni bara waccan, ta yi 'ya'ya har ta ishe ni." Malamar makaranta ta kawo doguwar nan mai farin gashi. Mai gyaran babur ya gangaro da tayarsa ɗungurungum. Cikin kwana goma, kusan duk ciyayin da Baba ya rasa sun dawo gida da ƙafafun mutane.

Ban da guda ɗaya.

A tsakiyar gidan Baba ya kewaye wani ɗan wuri da duwatsu, ya bar shi fayau. Kullum sai ya zuba masa ruwa.

"Baba, ai babu komai a wurin," tela ya ce.

"Na sani." "Wannan laifina ne. Duk wadda na bayar ta dawo. Ita da na ƙanƙame na hana kowa, ita ce ta tafi."

Wallahi ranar tela da hawaye ya koma shagonsa. Baba bai yi kukan gidan da aka ɓata masa ba. Abin da ke cin ransa shi ne, abu na ƙarshe da hannun Inna ya dasa yana can a bola.

Aka yi ruwan farko. Da safe Injiniya ya iso da leburori biyu, ransa a ɓace, ya ce wasan ya isa, a mayar da bulon. Baba ya jawo kujerarsa cikin da'irar duwatsun, ya zauna, ya ɗora ƙarfen taya a cinya.

"Duk wanda zai sa bulo a nan, sai dai ya sa a kaina."

Leburorin suka kalli juna, suka ja da baya.

Ana cikin haka tasi ta tsaya a ƙofar gida. Surukar Baba ta fito, ita da direban suka kinkimo wata ƙatuwar tukunya mai fenti suna nishi. A cikinta wata shuka ce ta cika ta batse, da jan gashi mai laushi.

"Ke!" Injiniya ya daka tsawa. "Wa ya ce ki taɓa shukata? Ban ce ki cire bakinki a maganar nan ba?"

"Ka faɗa," ta ce. "Bakina na cire. Wannan hannuna ne."

Ta wuce shi ta durƙusa a gaban Baba. "Baba, ka yafe mini. Ranar da na taya ka shara, na ga wani guntu a cikin busassun da ɗan kore a jikinsa. Na ɓoye shi a gefen mayafi na tafi da shi. Ban faɗa maka ba saboda ban roƙa ba. Ruwa nake jira ya sauka, kamar yadda ka koya mini, don kada in tone ta ta mutu."

Baba ya miƙa hannu ya shafa gashin ciyawar. Ya tusa yatsa ya taɓa gindin.

"Ita ce," ya ce. "Ciyawar Inna ce."

"Wace Inna?" Injiniya ya tambaya. "Wannan ai daga wurin masu sayar da fulawa..."

"Tukunyar ce ka saya," matarsa ta ce. "Shukar da kake nuna wa baƙi shekara uku, mahaifiyarka ce ta tono ta a gefen hanya da murfin kwano. Uwar shukar nan ce ka sa aka zubar a bola."

Injiniya ya kalli tukunyar, ya kalli da'irar duwatsun da tsohon ke shayarwa ba komai a ciki. Sai yanzu ya gane me ake shayarwa.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Aka yi ƙoƙarin zaro ciyawar, ta ƙi fita, saiwa ta cika tukunyar maƙil. Leburori suka ce sai dai a yanke saiwar a ceci tukunyar, tunda mai tsada ce. Injiniya ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando.

"Baba, ara mini ƙarfen."

Bugu biyu ya yi, tukunyar ta tarwatse.

Baba ya sa adda ya raba gindin gida huɗu. Ɗaya ya dasa a cikin duwatsun, ya danna ƙasar da tafin hannu, ya zuba ruwa. Ɗaya ya miƙa wa surukarsa ya ce, "Wannan karon ni na ba ki, 'yata." Ɗaya ya ce a kai wa tela, ta yaɗu a layin. Na ƙarshen ya daɗe yana riƙe da shi kafin ya miƙa wa ɗansa.

"Karɓi. Rana take so, ba ta son ruwa da yawa. In ka ga ta bushe da rani, kada ka kira tifa."

Injiniya ya karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba a kan rigarsa mai guga. "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma ga sauran bulonka can. Ni biyar-biyar nake cirewa saboda gwiwa. Kai lafiyarka ƙalau."

Har rana ta take, mutanen layin suna wucewa suna ganin Injiniya a durƙushe ba takalmi, yana ɓanɓarar bulonsa ɗaya bayan ɗaya. Baba kuwa yana zaune kusa da ciyawar Inna, yana shan shayinsa.

Darasi: Kada ka raina abin da iyayenka suka riƙe da daraja don kawai ba ka san labarinsa ba. Kafin ka gyara wa mutum rayuwa, tambaye shi. Kuma alherin da ka raba wa mutane shi ne zai dawo maka ranar da ka rasa naka. Idan labarin Baba Direba ya taɓa zuciyarka, tura shi ga 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya je ya zauna da tsohonsa yau ya yi tambaya.